Dam ɗin gona da ya koma wurin shaƙatawa: yadda bulo layi biyu ya kusa karya bango a kudancin Bauchi

Dam ɗin yana cikin gonar wani ɗan kasuwa, kudu da garin Bauchi, a wani kwari da ruwan duwatsu ke gangarowa cikinsa da damina. Tun farko an tare kwarin ne don shayar da shanu da ban-ruwan lambu. Bangon ƙasa ne zalla, katafila ta tura shi: tsawonsa mita 140, tsayinsa mita 5 a tsakiya, faɗin doronsa mita 2 da rabi. Idan ya cika, ruwan yana mamaye kimanin hekta 2. Daga baya Alhaji mai gonar ya zuba tarwaɗa da karfasa, ya kafa rumfuna a gaɓa, ya sayo kwale-kwale biyu, ya ajiye mai karɓar kuɗi a ƙofa. Ranakun Asabar da Lahadi iyalai kan zo, da Sallah kuwa wurin ba masaka tsinke.

A ƙasan bangon, kamar mita 600, akwai wata 'yar unguwa da lambunan fadama, da mashigin ƙafa inda yara ke tsallake rafin idan za su makaranta. Ruwan da ke tsaye a saman kansu ya kai kubik mita 28,000, wato lita miliyan 28, lodin tankar mai sama da 800. Ba su da ta cewa a yadda ake tafiyar da dam ɗin, amma idan bangon ya karye su zai fara ci.

Abin da aka taɓa

Wanda ya gina dam ɗin ya bar masa mafita a gefen hagu, hanya ce da aka yanka a ƙasar asali, faɗinta mita 6. Ƙasan mafitar yana mita 1.2 ƙasa da doron bango, saboda haka duk ruwan da ya ƙaru bayan dam ya cika ta nan yake ficewa ya koma rafi. Wannan tazarar ta mita 1.2 ita ce ajiyar dam ɗin ta ranar babban ruwa.

Da harkar baƙi ta kankama, matsaloli biyu suka dami mai wurin. Ruwa yana janyewa a Maris da Afrilu har kwale-kwale ya riƙa kafewa a laka, kuma motoci ba sa iya tsallake mafitar zuwa rumfunan ɗaya gefen. Aka kira magini, ya jera bulo mai inci 9 layi biyu a bakin mafitar, da simintinsa ya tashi santimita 50. A kan wannan ya ɗora bututun kwalbati biyu masu faɗin santimita 60, ya cike sauran da marmara, hanyar mota ta samu. Don kada kifi ya gudu, aka ɗaure ragar waya a bakin bututun. Aikin ya yi kyau a ido, kuma babu wanda ya yi shi da mugun nufi.

Akwai kuma abin da ba wanda ya lura da shi. Bangon da katafila ta tura ba tare da rola ta danne shi hawa-hawa ba yana zama da kansa a shekarun farko, kuma ya fi zama a tsakiya inda ya fi tsayi. Da aka auna doron da tiyon lebur irin na magina, turke bayan turke kowace mita 10, sai aka tarar tsakiyar ta sauka santimita 25. A cire 50 na bulo da 25 na zama daga 120, saura santimita 45. Kenan ruwa zai haye bango kafin ma ya cika bakin bututun kwalbatin.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a sayi bulo

Filin da ke zubo ruwa cikin kwarin hekta 120 ne, rabinsa duwatsu da gonaki masu gangara. A ɗauka an yi ruwa milimita 60 cikin awa ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a Bauchi cikin Agusta. Ruwan da ya sauka a filin kubik mita 72,000 ne. Idan ƙasa ta riga ta ƙoshi, kashi 40 cikin 100 na iya gangarowa, kusan 29,000, wato cikin dam ɗin gaba ɗaya a awa guda. A ganiyarsa yana shigowa kubik mita 8 a kowace daƙiƙa. Hanyar samun wannan adadin mai sauƙi ce: a ninka 0.4 da 60 da 120, a raba da 360.

Tsohuwar mafita mai mita 6 tana iya fitar da wannan idan ruwa ya hau kanta kamar santimita 85. Da ƙyar ne, amma tana iyawa. Bututun nan biyu kuwa, da ruwa santimita 45 a bakinsu, ba sa fitar da ko rabin kubik mita a daƙiƙa, shi ma idan ragar ba ta toshe ba. Raga kuwa dole ta toshe, domin ruwan farko da ganye da leda da karan dawa yake zuwa. Sararin da ya rage a saman dam ɗin bai wuce kubik mita 9,000 ba, ruwa mai shigowa da wannan ƙarfin zai cike shi cikin minti 20.

Bangon ƙasa yana jure ruwa a gabansa shekara da shekaru, amma ba ya jure ruwa ya bi ta kansa. Da zarar ya haye, bayan bangon yake fara ci daga gindi, ramin yana tahowa baya-baya har ya iso doro, daga nan sai ɓaraka ta buɗe. Manyan dam ma da gwamnati ta gina sun karye a irin wannan lokacin na shekara: Bagauda a Kano a Agustan 1988, Cham a jihar Gombe a 1998, Alau a Borno a Satumbar 2024.

Daren da ruwa ya haye

A ƙarshen Agusta, bayan kwana uku ana yayyafi, ruwa ya sauko da ƙarfi bayan sallar isha'i. Maigadi yana ɗakinsa a bakin ƙofa, ba a taɓa ce masa duba dam na cikin aikinsa ba. Da gari ya waye aka ga shaidar abin da ya faru. Tarkacen ciyawa ya kwanta a kan doron bango a faɗin mita 12 na tsakiya. A bayan bangon ruwa ya yanka kwazazzabo mai faɗin mita 1, zurfin santimita 60, daga gindi har ya rage kamar taku biyu ya iso doro. Ragar bututun ta cushe tam. Allah ya taƙaita, ruwan saman bai kai awa ɗaya ba ya ɗauke.

Mai wurin ya sa lebura su cike kwazazzabon da ƙasa, a ganinsa magana ta ƙare. Wani mai lambu daga unguwar ƙasa ne ya lura da abin da ya fi wannan hatsari. A gindin bangon, kusa da kututturen wani dogonyaro da aka sare shekarun baya, ruwa yana ɓulɓulowa daga wani rami da bai fi bakin kofi ba, launinsa ja-ja, kuma rairayi ya taru a kewayensa. Ya gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya je ya sami Alhaji, sannan aka nemo injiniya.

Ruwan da ke fitowa a gindin bango

Kowane bangon ƙasa yana naso, wannan ba abin tsoro ba ne muddin ruwan garau yake kuma ba ya ƙaruwa. Ruwa mai launi labarinsa daban, ruwa ba ya tsami banza. Ƙasar cikin bangon yake kwasowa, yana haƙa wa kansa hanya daga baya zuwa gaba. Ramin yana faɗi, ruwan yana ƙara ƙarfi, ƙarfin yana ƙara faɗaɗa ramin. Ranar da ya haɗe da ruwan dam, doron sai ya rufta, ko da rana tsaka ba hadari ko ɗaya a sama.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. A ɗebi ruwan a kwalba mai haske a ajiye minti 30, a ga ko laka ta kwanta. A tara shi ya bi ta guntun bututu, a sa bokiti mai lita 20, a duba agogo. A safiyar farko bokitin ya cika cikin daƙiƙa 50, da la'asar cikin 40, kuma ƙasa ta kwanta a gindin kwalbar kaurin farce. Ramin yana girma kenan.

Dalilai uku suka haɗu a wurin. Ƙarin santimita 50 ya tura ruwa zuwa ɓangaren bangon da bai taɓa jiƙa ba, wanda ya tsattsage da rani. Saiwoyin dogonyaron nan sun ruɓe a ciki sun bar hanyoyi. Ga kuma suri biyu na gara da ramukan gafiya a bayan bangon, duk gamba ta rufe su har ba a gani. Gamba a bayan dam ba ado ba ce. Mutumin da ba ya iya ganin ƙasar bangonsa ba zai san ranar da ta fara jiƙa ba.

Abin da leburan suka fara shirin yi shi ne toshe ramin da yumɓu da siminti, kuma sa'a ce aka hana su. Idan aka toshe bakin, ruwan ba ya komawa, taruwa yake a cikin bango, ya jiƙa shi, ya ɓullo ta wani wurin ko ya zame da bayan bangon ɗungurungum. Abin da ake so shi ne ruwa ya fita, ƙasa ta tsaya. Aka share ciyawar wurin mita 3 kowane gefe, aka shimfiɗa yashin rafi mai tsabta kaurin santimita 30, a kansa tsakuwa ƙanana santimita 30, a kanta duwatsu masu girman kai don nauyi. Jerin yana da muhimmanci: idan aka fara da dutse, ƙasa za ta bi ta tsakaninsu ta wuce. Aka zagaye wurin da buhunan yashi hawa uku, ruwa ya ɗan taru a ciki ya rage ƙarfin ɓulɓulowar. Washegari kwalbar ta fito garau.

Sauke ruwa

Maganin gaskiya shi ne rage nauyin da ke kan bangon. A ranar aka kwance ragar, aka fasa hanyar motar, aka cire bututun da bulon daga gefe ɗaya kaɗan-kaɗan, bayan an sanar da mutanen ƙasa su janye yara da dabbobi daga bakin rafi. Wannan ya mayar da ruwa matakinsa na asali. Amma ana so ya sauka mita 1 ƙasa da haka, dam ɗin kuma ba shi da bututun ƙasa, kamar yawancin dam ɗin gona.

Sai aka yi masa zuƙo da bututun roba mai inci 4 guda biyu, kowanne mita 30, aka ɗora su a kan doro. Bakin ciki yana nutse mita 1 a ruwa, ɗaure da jarka don kada ya sha laka. Bakin waje yana can gaba da gindin bango a kan tulin duwatsu, kimanin mita 3 ƙasa da fuskar ruwan dam. Ana rufe bakunan biyu, a cika bututun da ruwa ta wata kafa a ƙololuwarsa, a toshe kafar sosai, a buɗe bakin ciki, sannan na waje. Iska ko kaɗan ta shiga ta mahaɗa, zuƙon ya tsaya, don haka kowace mahaɗa sai an shafa mata gam an naɗe da roba. Kowane bututu yana fitar da kimanin lita 20 a daƙiƙa, su biyun suna sauke dam mai hekta 2 santimita 15 zuwa 20 a yini, idan ba a yi wani ruwan ba.

Da gangan aka zaɓi wannan jinkirin. Gaban bangon ya sha ruwa ya ƙoshi, ruwan dam ne ke tallafe da shi. Idan aka janye tallafin da sauri kafin ƙasar ta tsane, sai gaban ya zame cikin dam. Shi ya sa ba a so a wuce santimita 30 a yini sai idan bangon yana gab da tafiya. Kuma ko kusa kada a yanka doron bango da sunan rage ruwa, wannan karya dam ne da hannu.

Gyaran rani

Daga Disamba aka shiga babban aiki. Mafita aka fara da ita: aka faɗaɗa ta zuwa mita 15 a ƙasar asali, nesa da jikin bango, yadda kubik mita 8 a daƙiƙa zai wuce da zurfin da bai kai santimita 50 ba. Aka zuba dandamalin kankare daidai da ƙasa a bakinta don kada ruwa ya ci ta, aka jera dutse da siminti a gangarenta, aka karkatar da wutsiyarta ta sauka rafi mita 30 gaba da gindin bango. Motoci yanzu kan dandamalin suke bi, idan ruwa na gudu a kai kowa ya jira. Kifi kuma aka koma kiwonsa a keji cikin dam, raga ta bar bakin mafita.

Aka tono kututturen da saiwoyinsa, aka bi ramin har inda ya ƙare. Aka tone surin har ɗakin uwar gara. Duk ramin da aka buɗe sai an yanka gefensa mataki-mataki, sannan a cike shi da jar ƙasa mai yumɓu hawa-hawa, kowane hawa santimita 15, a yayyafa ruwa, a daɓe da injin daɓe kafin a ƙara wani. Ana gane ƙasar da ta dace a tafin hannu: a jiƙa ta a murza, idan ta yi igiya mai kaurin fensir ba ta karye ba, kuma ana jin ɗan yashi a cikinta, ta yi. Baƙar laka mai tsagewa, irin wadda ta yi yawa a wasu sassan Gombe, tana riƙe ruwa amma tana buɗe baki da rani, ba a sa ta a fatar bango. Ƙasar sama mai saiwa da taki kuwa ba ta shiga ko kaɗan.

Aka ɗaga doron ya koma daidai, da ƙarin santimita 20 a tsakiya saboda zaman gaba, aka faɗaɗa shi zuwa mita 3. Bayan bangon da yake a tsaye sosai aka kwantar da shi, kowace mita 1 ta tsayi ta ci mita 2 da rabi ta faɗi, aka bi gindinsa da magudanar yashi da tsakuwa. Aka dasa kiri-kiri, wadda ke shimfiɗa ta riƙe ƙasa kuma a iya yanke ta gajere. Mangwaron da aka dasa a kan doro don inuwar baƙi duk aka cire, ba bishiya a jikin bango ko cikin mita 5 daga gindinsa. Shanu ma aka yi musu kwalaye a gefe, domin turbar da suke yi a jikin bango ita ruwan sama ke bi ya fara zaizaya.

Masu shiga ruwa

Ko bangon bai karye ba, dam ɗin yana iya cin rai, kuma binciken ya tono wani abu a nan. Ƙasar da aka gina bangon da ita daga cikin kwarin aka ɗebo ta, ramukan suna nan a ƙarƙashin ruwa. A gaban rumfuna mutum zai yi tafiyar mita 8 ruwa iya gwiwa, taku ɗaya a gaba sai zurfin mita 3. Da ruwa ya sauka aka ga bakin ramin a tsaye, ga laka mai riƙe ƙafa. Aka cike na kusa da rumfunan, aka keɓe wurin wanka da bai wuce mita 1.2 ba, aka ja igiya mai jarkoki a iyakarsa.

Mai nutsewa ba ya ihu, numfashi yake nema, kuma cikin minti ɗaya yana iya ɓacewa. Don haka ranar taro mutum biyu da suka iya ruwa suke tsaye a gaɓa, ba su da wani aiki sai kallo. Kusa da su akwai gora mai mita 4 da jarka ɗaure da igiya mita 20, saboda wanda ya faɗa ruwa don ceto ba tare da horo ba sau da yawa shi ma tafiya yake. An koya musu hura numfashi da danna ƙirji, dannawa 30 hurawa 2. Kwale-kwale an rubuta adadin mutanensa a jiki, ba mai hawa sai da rigar kariya, kuma daga magariba an rufe. Wayar lantarkin famfon da ta ratsa gaɓa a ƙasa an ɗauke ta.

Sai tsargiya. Ruwan da ke tsaye, mai ciyawa a gefe, wanda yara ke fitsari a ciki, shi ƙananan katantanwa masu ɗauke da cutar ke so. Aka share kachala da bado daga wurin wanka, aka gina banɗaki nesa da gaɓa. Duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, maganinta praziquantel ne, kuma yana aiki.

Mutanen ƙasan dam

Da a ce bangon ya tafi a daren nan, ruwa zai isa unguwar cikin 'yan mintuna, suna barci. Wannan ne ya fi komai nauyi a lamarin, kuma shi ne aka fi jinkirin yarda da shi. Aka zauna da mai unguwa da liman da masu lambu, aka kafa ma'auni a cikin dam, ƙarfe mai fenti uku. Kore, ruwa yana ƙasa da bakin mafita. Rawaya, ya hau mafita santimita 30, maigadi ya kira Alhaji da mai unguwa, ya zauna a kan bango da tocila. Ja, ya kai santimita 60, ko an ga ruwa mai launi a gindi, ko tsaga ta buɗe a doro: a yi shela da lasifikar masallaci, kowa ya hau tudun makaranta, a kira hukumar agajin gaggawa ta jiha. Lambobin waya suna manne a ɗakin maigadi da gidan mai unguwa, kuma an gwada shelar sau ɗaya da rana don kowa ya san hanyarsa.

Maigadi yanzu yana zagaya bangon kowace Juma'a da safe, da kuma bayan kowane babban ruwa. Yana bin doro, ya dawo ta gindi, ya rubuta matakin ruwa da daƙiƙoƙin bokiti a littafi. Injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, yana zuwa a watan Mayu kafin ruwa ya zauna. Duk mai niyyar tare rafi ko ƙara wa dam tsayi a wannan yanki, ya kamata ya fara tuntuɓar ma'aikatar ruwa ta jiha ko Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama mai hedikwata a Yola, tun kafin katafila ta shiga.

Abu ɗaya ya rage ba a warware ba. Mai katafilar da ya yi aikin farko bai haƙa ramin tushe ba, wato ramin da ake yi a ƙarƙashin bango har a tarar da ƙasa mai tauri a cike da yumɓu, don ruwa kada ya bi ta yashin tsohon rafi. Gyara wannan sai an zubar da dam ɗin gaba ɗaya, kuɗinsa kuma ya kusa na sabon gini. Saboda haka aka yanke cewa ruwa ba zai ƙara wuce matakinsa na asali ba, kwale-kwale su haƙura da Maris da Afrilu, kuma idan bokitin gindin bango ya cika cikin ƙasa da minti 2, ko laka ta sake kwanta a kwalba, a mayar da bututun zuƙo a ranar.